Akwatin da Ba Ya Amsa Sallama

A cikin kaka ta shekarar 1993 wani malamin makaranta ɗan Wurno ya sauka a birnin Landan domin ƙaro ilimi a makarantar nazarin harsuna da al'adun Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wadda aka fi sani da SOAS. Malam kawai za a kira shi a nan, domin sunansa na yanka yana da matsayi a cikin wannan labari, kuma matsayin nasa shi ne rashin faɗarsa. Ya kama ɗaki guda a saman wani gida da ke arewacin birnin, ɗakin da ya tarar da layin tarho a cikinsa. Bai yi mako biyu ba wani abokin karatunsa, Bahaushen Zangon Kumasi wanda ya riga shi sanin gari, ya ba shi shawarar ya nemi na'urar amsa waya, tunda wuni yake a ɗakin karatu, kuma mutanen gida ba su da hanyar sanin lokacin da yake nan. Ya sayi ta hannu a wani shagon gwanjo: baƙin akwati ne da bai kai faɗin allon ɗan yaro ba, da 'yan kaset guda biyu a cikinsa, kowanne kamar kwalin ashana. Ɗaya na muryar mai gida ne, ɗayan na muryar masu kira. A gefe kuma akwai wata 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa idan an bar saƙo.

Na'urar ba baƙuwa ba ce a Turai. Tun a 1898 wani injiniya ɗan ƙasar Denmark, Valdemar Poulsen, ya gano hanyar ɗaukar murya a kan zaren ƙarfe, kuma ɗaukar maganar tarho na cikin abin da ya nufa da ita, ko da yake sai a shekarun 1980 akwatin ya zama kayan ɗaki kamar rediyo. Maƙwabtan Malam sun saba da ita har ba sa ganin wani abin tambaya a cikinta. Shi kuwa tun daren farko ta tsaya masa a wuya, domin kafin ta fara aiki dole sai ya danna maɓalli ya faɗa mata abin da za ta riƙa gaya wa mutane. Ya ɗauka ya goge, ya ɗauka ya goge, har dare ya raba. Abin da ya gagare shi ɗan ƙarami ne: ta yaya mutum zai buɗe bakinsa ya ce ba ya nan?

A Wurno wannan magana ba ta mai gida ba ce. Baƙo zai tsaya a bakin zaure ya yi sallama, yaro ya fito ya amsa, ya ce mai gida ya tafi fadama ko ya bi motar kasuwar Achida. Baƙon ya ce a gaya masa wane ya zo. Kuma yaron, komai ƙanƙantarsa, ba saƙon baki kaɗai yake kaiwa ba. Zai faɗi ko baƙon a tsaye ya yi magana ko ya zauna, ko ya sha ruwan da aka kawo masa, ko fuskarsa a sake take. Da wannan ne mai gida yake auna ko ya bari sai gobe ko ya saka takalmi nan take. Akwatin Malam yaro ne mai kunne marar ido, wanda kuma aka ara wa muryar mai gidan. A ƙarshe ya haƙura ya kwaikwayi abin da ya ji Turawa suna faɗa, da Turanci, a cikin daƙiƙa goma sha biyar, ya kwanta.

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya sai an tuna yadda kiran waya yake a gabashin Sakkwato a wancan zamani. Kafin zuwan wayar salula a watan Agustan 2001, layukan tarho masu aiki a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan duka a manyan birane suke. Gidan su Malam ba tarho, kuma ba su san kowa ba a Wurno mai layin da zai kai ƙasar waje. Kira sai an shirya masa kamar tafiyar fatauci. Wasiƙa ce ke fara tafiya, ta yi mako biyu ko uku a hanya, ta sanya rana da lokaci. Ranar ta zo, ƙanensa ya baro albasarsa a Goronyo, inda yake noman rani a ƙasan madatsar ruwan da aka gina a kan gulbin Rima, ya biyo ta Wurno ya karɓi saƙonnin gida, ya wuce Sakkwato, ya bi layi a ofishin waya, ya biya kuɗin mintocin da aljihunsa zai iya. Sannan a buga 009, a buga 44, a buga sauran lambobin.

A nan ne akwatin ya fara nuna halinsa. Wayar da ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ba a biyan kuɗinta. Amma da zarar na'ura ta ɗauka, to an ɗauka, kuma kuɗi ya fara tafiya. Wato abin da Malam ya saya domin kada saƙon gida ya wuce shi ya zama abin da ke cin kuɗin albasar ƙanensa, a kan sauraron Turancin da bai roƙa ba. Mutanen Landan ba su lura da wannan ba, tunda kiran cikin gari ba ya taɓa aljihunsu sosai. Sai wanda danginsa ke nesa ne ya san cewa daƙiƙa goma sha biyar ɗin nan wani ne ke biya.

Ba wai mutanen yankin baƙin rabuwa ba ne. Wurno kanta ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, ya zauna a cikinta har ya rasu a 1837, kuma a nan hubbarensa yake. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas tare da jama'a, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan. Labarin waɗannan sai a bakin alhazan ƙasa ake jin sa, bayan shekaru. Ga kuma 'yan cin rani da ke barin Lardin Sakkwato kowace shekara zuwa Kurmi da Gwanja, waɗanda R. M. Prothero ya nazarci ƙidayarsu ta 1952 zuwa 1953. Daga baya, da rikoda ta wadata, waɗanda ba su iya rubutu ba suka koma aika kaset: a taru a tsakar gida kowa ya yi gaisuwarsa, a naɗe shi a takarda a ba direba ko alhaji. Saboda haka muryar da ke cikin akwati ba ita ce sabon abu ba. Sai dai kaset ɗin gida kowa ya san wasiƙa ce, ba mai jiran ta amsa masa. Tarho kuwa an gaya musu cewa baki da baki ne.

Kawun Malam, wan mahaifiyarsa, malamin allo ne a Rabah, kuma a hannunsa Malam ya tashi. Shi ne dattijo na farko da ya yi tattaki zuwa Sakkwato domin ya ji muryar ɗansa. Da Malam ya dawo da dare ya ga jar fitila tana ƙyaftawa, ya danna, sai ga muryar Kawu cikin shuuwar nisa: "Salamu alaikum." Shiru. "Salamu alaikum." Shiru mai tsawo. "Salamu alaikum wa rahmatullahi." Daga nan sai wani gajeren "To," sai ƙarar ajiye waya. Kawu ya yi abin da ya karantar da almajirai shekara da shekaru daga Risala ta Ibn Abi Zaid, wato neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba mutum ya juya. Ya juya ɗin, ya koma Rabah a bayan a-kori-kura da ɓacin ransa.

Bayan mako uku wasiƙar ƙane ta iso. Kawu ya ce da kunnensa ya ji muryar yaron, ba ta wani ba, ya yi masa Turanci, ya kuma yi masa sallama uku bai amsa ko ɗaya ba. Magana ta zaga Rabah, ta ƙetara Wurno, ta fara komawa cewa Malam ya bi Nasara. Abin da Kawu ya fi maimaitawa, in ji wasiƙar, shi ne: "Sardauna ma ɗan garin ga na, ya tahi Ingila ya komo, bai bar amsa sallama ba."

Malam ya yi dariya da ya karanta, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya zauna ya rubuta shafi huɗu da ajami yana bayanin akwatin, kuma ya tarar bayanin ya fi rubutun jarrabawa wuya. Hujjar Kawu mai ƙarfi ce a tsarinta: in muryarsa ce, to ya yi magana, in kuwa ya yi magana, to yana wurin, wanda ke wurin kuma ya ji. Sai da Malam ya kawo misalin wa'azin da ake saurare a kaset bayan mai wa'azin ya koma garinsu, sannan ƙofa ta buɗe. Amsar Kawu ta zo gajera, kuma ta malamai ce. Ya ce in haka ne, hukuncin akwatin hukuncin wasiƙa ne, kuma malamai, har da Imam Nawawi a cikin al-Azkar, sun ambata cewa sallamar da ta zo a takarda ko a bakin manzo ana mayar da ita lokacin da ta iso. Don haka bashin sallama uku na nan a wuyansa. Ya biya, kuma daga yau duk sallamar da ya tarar a akwatin ya amsa ta da baki, a bayyane, kafin ya tuɓe rigar sanyi.

Haka ya riƙa yi. Maƙwabcinsa na ɗaki, wani ɗalibi ɗan Girka, ya daɗe yana zaton Malam waya yake yi kowane dare, sai da ya leƙo wata rana ya gan shi tsaye da jaka a kafaɗa yana mayar wa akwati gaisuwa. Ya kuma sake ɗaukar muryarsa. Wannan karo Hausa ya sa a gaba, da bakin gida: "Salamu alaikum. Ni na, amma ba ni gida, akwati na. Ku hwaɗi saƙonku, ina ji in na komo." Turancin ya biyo baya a taƙaice. Wasu masu kira na Landan sukan ajiye waya da jin kalmar farko suna zaton sun yi kuskuren lamba, kuma ya yi asarar wani aikin fassara ta haka, amma bai sauya ba. Ya ƙara wa akwatin yawan ƙarar da zai jira kafin ya ɗauka, ya rubuta wa ƙanensa cewa in ya ƙirga huɗu ba a ɗauka ba ya ajiye, kada kuɗinsa ya tafi a banza.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa akwatin ya biyo Malam har gida ya faru ne a watan Nuwamban 1995.

Malam ɗan fari ne. Masu nazarin al'adun Hausawa ba sa bukatar dogon bayani a kan kunyar ɗan fari, tun Baba ta Karo ta zayyana wa Mary Smith ita a littafin da ya fito a 1954, kuma a ƙasar Sakkwato, inda Hausa da Fulatanci suka daɗe da cuɗanya, abin ya fi tsanani. Amma sanin al'ada a takarda daban, tashi a cikinta daban. Ranar da aka yaye shi aka kai shi Rabah wurin dangin uwa, bai dawo Wurno da zama ba sai da ya gama firamare. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Duk yaron da ke da sunan a unguwa ma sai ta yi masa laƙabi. In tana son ya ci abinci sai ta ce wa ƙanwarsa, "Ce ma wancan tuwo na hucewa," alhali yana zaune a gabanta. In ya durƙusa gaishe ta, takan kau da kai ta amsa a gajarce, kamar mai amsa wa bango. Ranar da zai tafi Ingila ta aiko masa da ƙullin yaji da daddawa ta hannun matarsa, ita kuwa ta shige ɗaki. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba, domin kowane ɗan fari da ya sani haka ake yi masa. Sai dai ya kai shekara talatin da biyar bai taɓa jin ta dube shi ta ce "kai" ba.

Wasiƙa ta zo cewa za a kawo Inna asibiti a Sakkwato saboda ciwon ido, kuma ƙanen zai yi ƙoƙarin biyowa da ita ofishin waya ranar Alhamis da ƙarfe uku na rana. Malam bai sa rai za ta yarda ta karɓi wayar ba, amma ya shirya. Abin da ya manta shi ne agogo. Duk tsawon bazarar Turai lokacin Landan da na Nijeriya ɗaya ne, amma a ƙarshen Oktoba Ingila takan mayar da agogonta baya da awa guda, ƙarfe uku na Sakkwato ya zama ƙarfe biyu na Landan. Ya san wannan sarai, ya ma sha yi wa sababbin zuwa bayaninsa. Ranar dai ta kuɓuce masa. Ya baro ɗakin karatu, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Russell Square cikin natsuwa, ya iso ɗaki uku saura kwata yana ganin ya yi sammako. Fitila tana ƙyaftawa.

Farkon abin da ke kan kaset ɗin muryar ƙanen ce daga ɗan nesa: "Inna, aje, ba shi nan. Akwatin na." Sai muryarta, kusa ƙwarai, kamar ta manna bakinta da wayar: "Na jiya. Bar ni."

Sannan ta yi sallama, ta dakata. Ta ce, "An wuni lahiya?" ta dakata. "Ƙaƙa sanyi?" ta dakata. "Ƙaƙa karatu?" ta dakata. "To, madalla." Kowace tambaya ta bar mata gurbinta, daidai tsawon da mutum zai ce lafiya lau. Ba ruɗewa ta yi ba irin ta Kawu, an gaya mata ba kowa, kuma ta ce ta ji. Gaisuwar Hausa ce ba ta da hanyar da za a yi ta da baki ɗaya. Ginin ta na mutum biyu ne, kamar daka, in ɗaya ta ɗaga taɓarya sai ɗaya ta sauke. Inna ta yi nata bugun, ta bar masa nasa.

Daga nan ta shiga labari. An yi girbin gero, ba laifi. Ruwa ya janye daga fadama, an fara dashen albasa. "Ƙanwakka ta Goronyo ta sauka lahiya, namiji." Yaransa suna zuwa makaranta, ƙaramin ya yi ƙyanda ya warke. Likita ya ce idon sai an yi aiki, ita kuwa ba ta so. Sai muryar ta sauya. "An nuna min hotonka, ka rame. Ka ci abinci. Kak ka bar salla don sanyi, ka ɗumama ruwa." Ta yi shiru har Malam ya zaci na'urar za ta katse, domin irin waɗannan akwatuna sukan ajiye waya in shiru ya yi tsawo. Sai ta ce: "Randa anka kai ka Rabah ban yi kuka gaban mutane ba. Sai da dare. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba." Aka ji ƙanen yana cewa lokaci ya kusa. Ta yi sauri: "Allah shi yi maka albarka. Allah shi maido ka lahiya. Allah shi..." Kuɗi ya ƙare.

Minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Malam ya saurara a tsaye da rigar sanyinsa, bai iya amsa ko sallamar ba a karon farko. A karo na biyu ne ya bi umarnin Kawu, ya shiga guraben da ta bar masa ɗaya bayan ɗaya, kuma ya tarar sun yi masa daidai. Daren nan ya ciro kaset ɗin, ya karya ɗan haƙorin da ke ba da damar a ɗauki wani abu a kansa, ya naɗe shi a cikin hular da bai taɓa sawa ba.

Ya daɗe yana cizon yatsa a kan awa gudan nan, kuma ya rubuta wa gida wasiƙar ban haƙuri. Amma akwai tambayar da bai rubuta wa kowa ba, wadda ta fi nadamar nauyi. Da ya iso a kan lokaci ya ɗauki wayar, me Inna za ta ce? Duk wanda ya san gidan ya san amsar. Za ta amsa gaisuwarsa da kalma biyu, ta miƙa wa ƙanen wayar ta ce, "Ce mai shi ci abinci." Kunya tana bukatar idon wanda ake jin kunyarsa, ko aƙalla kunnensa a daidai wannan lokaci. Akwatin da aka zarga da rashin ido da rashin ladabi, rashin nan nasa ne ya buɗe mata baki. Ta sami abin da al'ada ba ta tanadar mata ba, wato wurin da za ta yi wa ɗanta magana kai tsaye ba tare da yana wurin ba. Ko a nan ma ba ta faɗi sunansa ba. Malam, da yake mai nazarin harshe ne, ya ƙirga wakilan suna na mutum na biyu da ke cikin saƙon, ya rubuta adadin a bayan wani littafi, sannan ya ji kunyar abin da ya yi ya soke shi.

Ba ta sake kira ba. A bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a arewacin Nijeriya, Malam ya dawo wata Talata ya tarar da saƙon ƙanensa: sallama, sai "Yaya, ka nemi gida." Washegari wani: "Yaya, jikin Inna ya matsa, ka nemi gida." Babu lambar da zai kira a Wurno. Ya buga wa wani ɗan kasuwa da ya sani a Sakkwato, aka ce ya yi tafiya. Ya kwana biyu a gefen waya bai fita ba, ba ta yi ƙara ba. Ranar Juma'a da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne ɗan Sakkwato da ya daɗe yana aiki a Landan, wanda ba su fi haɗuwa uku ba a masallaci. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, ya karɓi ruwa ya kurɓa. Ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi. Sannan ya ce, "Malam, sai haƙuri. Abin da ya ba mu ya karɓi abinsa."

Tun ranar Talatar aka yi mata sutura, kafin ma a bar saƙon farko. Ƙanen ya tsaya a gaban waya sau biyu da maganar a bakinsa, ya kasa ba akwati ita. Daga baya ya ce wa Malam bai san a wane hali saƙon zai same shi ba, ko a tsaye, ko da dare, ko shi kaɗai. Sai ya bi unguwa-unguwa a Sakkwato har ya sami mai lambar dattijon, ya kashe sauran kuɗinsa a kan kiran mutumin da bai taɓa gani ba, domin a sami mai ƙafa da fuska da zai kai maganar. A kan wannan, manomin albasa ya fi masu ƙera akwatin sanin iyakarsa.

Da Malam ya dawo gida a 1997 akwatin na cikin kayansa. Soket ɗin wutar Ingila da na Nijeriya iri ɗaya ne, mai ƙafa uku, don haka ya kama aiki, ko da yake ba layin da za a haɗa shi da shi. Ya je Rabah gaisuwa, ya kunna wa Kawu kaset ɗin su biyu a zaure. Tsohon ya amsa sallamar ƙanwarsa a hankali, ya saurara har ƙarshe, bai ce komai ba game da maganar daren yaye, ko da yake shi ne ya zo ya ɗauki yaron a kan jaki a wancan lokaci. Malam ya tambaye shi ko ana cewa amin ga addu'ar da ba a ƙarasa ba. Kawu ya ce ya ce, ai Wanda aka roƙa ya ji sauran.

Abin da ya zo bayan haka kowa ya gan shi. Wayar salula ta shiga ƙauyuka, sannan WhatsApp ya kawo saƙon murya, har ya zama yau tsofaffin da ba su taɓa riƙe alƙalami ba su ne suka fi kowa amfani da shi. Duk wanda ya saurari saƙonnin da ke yawo tsakanin Wurno da Makka, ko tsakanin Goronyo da Legas, zai ji yadda aka warware matsalar da ta ɗaure wa Kawu kai. Matasa sukan jero gaisuwar a numfashi ɗaya su ba kansu amsa, ya gida ya aiki ya iyali to madalla. Manya kuwa har yanzu sukan ɗan dakata bayan kowace tambaya. Malam, wanda ya yi ritaya yana zaune a Sakkwato, ya sa an mayar masa da kaset ɗin cikin kwamfuta da robar akwatin ta tsinke. A fuskar kwamfutar muryar Inna tudu-tudu ce, guraben kuma miƙaƙƙen layi.

A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Yankin ya koma inda yake kafin 2001, mai son kira sai ya yi tafiya. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40. Labarin ya iso Sakkwato a bakin direbobi, ba sunaye. Ƙanen Malam bai cika fashin wannan kasuwa ba. Malam ya kwana ya wuni da waya a hannu, yana buga lambar da ya san ba za ta shiga ba.

Ranar Talata da azahar wayar ta yi motsi. Ƙanen ya ɗauki saƙon ne a gida, ya ba wani direba wayar tasa ya sa a aljihu, da motar ta shigo inda akwai layi sai saƙon ya tafi da kansa. Malam ya danna. Muryar ta tsufa, tana rawa. "Salamu alaikum, Yaya." Sai shiru. Malam ya amsa a tsaye, da ƙarfi, har jikokinsa suka leƙo daga tsakar gida. "Muna lahiya," in ji muryar. "Ban shiga kasuwa ba ranan, injin ban ruwa ya lalace min tun da sahe. Amma mun yi rashi da yawa. In na zaka ni hwaɗa maka ko su wa."